Amsa ga ɗan'uwa mai neman gidan haya a Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo ka lafiya. Ka ce an dawo da kai aiki nan daga Jos, dillali ya nuna maka ciki da falo mai araha a bayan gari da wani mai tsada kusa da wurin aikinka, kana tambayar wanda za ka kama.

Na daɗe ina zaman haya a garin nan, kuma ni rufi nake fara dubawa kafin a yi maganar kuɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kai kuwa sanyin Jos ka saba da shi. Ɗakin kwano marar silin, ko mai taga ɗaya tana kallon yamma, in ka dafa bangonsa bayan isha'i za ka ji kamar tanda. Na zauna a irinsa: yara ba barci, ƙurajen zafi duk wuya, wutar lantarki kuma ba tabbas balle fanka ta cece ku. Lokacin ne ma sanƙarau ke yaɗuwa inda ake cunkushe ba iska. Gidan da ke da tsakar gidan shimfiɗa tabarma da dare, da bishiyar dogon yaro ko guda ɗaya, wallahi ya cancanci ƙarin kuɗi.

Sai ruwa. Tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko famfo na zuwa ko akwai rijiyar burtsatse kusa. In kullum sai 'yan ga-ruwa, ga kuɗin kabu-kabu safe da yamma, rarar da ka samu a haya ta tafi kafin shekara ta zagayo.

Damina gajera ce, amma kada ka raina ta. Wasu sassan Mabera sun sha kwanciyar ruwa, kuma mun ga ambaliyar 2010 da gulbin Rima ya cika har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk gidan da ya cika araha a kwari, duba gindin katangarsa, shatin ruwan bara na nan.

Hunturu ba zai dame ka ba, ƙura ce kawai, sai dai in akwai mai asma cikin iyalinka.

Ni da ni ne, na kusa da wurin aikin zan kama in rufinsa mai kyau ne. Ka shiga kowanne da ƙarfe uku na rana, ka zauna kaɗan kafin ka biya la'ada. Faɗa mana unguwannin biyu, akwai mazauna can a cikinmu.