GTX 1050 Ti ɗina ya gaji: wane katin girafik zan saka a madadinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur tana da furosesa Core i5-8400, RAM 8GB, da katin girafik GTX 1050 Ti. Allona 1080p ne mai 60Hz. Gem ɗin ƙwallo na FC da GTA V suna tafiya lafiya, amma sababbin gem sai sun riƙa sarƙewa ko na rage komai zuwa ƙasa. Wani abokina ya ce in sayi RTX 3070 na hannu in huta, mai shago kuma yana ta tallata mini RX 580 mai 8GB saboda arha. A jikin akwatin wutar an rubuta 450W. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni dai ba zan ba ka shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma dalilin yana cikin maganar 450W ɗin nan da ka yi a ƙarshe.

Kafin ka je kasuwa, kashe kwamfutar, ka cire murfin gefe, ka haska takardar da ke manne a jikin akwatin wutar nan da ake kira PSU. Kada ka tsaya kan 450W ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Nemi layin da aka sa +12V, ka duba amfiya nawa ke ƙarƙashinsa, sai ka ninka da 12. Idan 18A ka gani, to wat 216 ke nan, kuma daga nan ne furosesa da katin girafik duk suke sha. Akwatunan wuta marasa suna sun saba da wannan: babban adadi a goshi, ƙaramin ƙarfi a ciki. Mai kyau na 450W zai nuna maka wajen 35A ko sama. Sannan ka lalubi wayoyin da ke fitowa daga cikinsa, ka ga ko akwai mai kai na fil 8, ko 6 da 2 a haɗe.

Abin da ya sa ba ka taɓa damuwa da wannan ba shi ne, 1050 Ti wat 75 kawai yake ci, kuma ramin madabod da aka soke shi a ciki yana iya ba shi hakan ba tare da wata waya ba. RTX 3070 kuwa wat 220 yake ja, Nvidia da kanta akwatin 650W ta ce a haɗa shi da shi. Ka saka shi a kan naka, in ka yi sa'a kwamfutar ta riƙa mutuwa a tsakiyar wasa. In ba ka yi ba, akwatin ya ƙone ya tafi da wani abu. Wasu masu gyara za su ce maka akwai 'yar wayar da ke juya filogin SATA ya koma fil 8. Kada ka yarda. Filogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, na fil 8 kuma 150, narkewa yake yi.

Ko da wutar ta isa, allonka hoto 60 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa. 3070 kati ne da aka yi domin allo mai 1440p, wanda ya fi naka yawan ɗigon hoto, kuma i5-8400 na 2017 ba zai iya ciyar da shi aikin da zai ƙoshi ba. Kamar ka ɗora injin tirela ne a kan Keke Napep.

Shi kuma RX 580, a zamaninsa jarumi ne, amma zamanin nasa 2017 ne. Yana cin wat 185, yana zafi, kuma AMD, kamfanin da ya ƙera shi, ta rage kula da direbobinsa, wato manhajar da ke sa katin aiki, tun 2023. Shi ne kuma katin da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi gallaza wa. Da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022, sai aka juye su kasuwa tuli. Akwai ma wani nau'in da ake rubuta wa 2048SP, wanda a gaskiya RX 570 ne aka sauya wa suna. Ƙari a kan haka, wasu sababbin gem, irin su Doom: The Dark Ages na 2025, ba sa ma buɗewa sai a katin da ke da ray tracing, wato fasahar lissafin haske da inuwa a hoto, abin da 580 ba shi da shi.

Da ni ne kai, RX 6600 zan nema. Ya fito a 2021, yana da 8GB, wat 132 yake ci da waya ɗaya mai fil 8, kuma akwatin 450W na ƙwarai yana ɗaukarsa. Ƙarfinsa ya kusa ninka na katinka sau uku, a 1080p kuma zai ba ka 60 ɗinka a mafi yawan wasanni ba tare da ka sauke hoton ƙasa ba. Ga mai kunna kwamfuta da janareta ko inbata, wannan ƙarancin cin wutar kuɗi ne a aljihu, kuma a zafin Maris da Afrilu ɗakinka zai fi zaunuwa.

Idan aljihu ya ɗan fi haka nauyi, RTX 3060 mai 12GB ya fi daɗewa ana mora, domin gem na yanzu sun fara cika 8GB, ga fasahar Nvidia ta DLSS da ke ƙara wa gem gudu. Sai dai wat 170 ne, ka shirya sayen akwatin 550W mai suna. Ka kuma karanta kwalin da kyau, akwai 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, wanda bai kai na farkon gudu ba. RTX 4060 ma yana da kyau, wat 115 kacal, in farashinsa bai yi nisa ba. Intel Arc B580 mai 12GB yana da arha a kan aikinsa, amma yana buƙatar wani saitin madabod da ake kira Resizable BAR, wanda ba lallai ne tsofaffin madabod irin naka su kasance da shi ba. RX 6500 XT kuwa ka wuce shi ko an rage maka kuɗi: 4GB ne, kuma a ramin katin girafik na PCIe 3.0 irin na madabod ɗinka yana shaƙewa.

In ka duba ka ga akwatin wutar na banza ne kuma ba halin sauya shi yanzu, RTX 3050 mai 6GB yana aiki ba waya, wat 70. Ci gaba ne, amma ba mai yawa ba. Gara ka ƙara haƙuri ka tara na akwati da kati tare.

Wani abu da ba ka tambaya ba: RAM ɗinka. Wani ɓangare na sarƙewar da kake gani daga 8GB ɗin nan ne, musamman in sanda ɗaya ce. Ƙara wata irinta su zama biyu, 16GB. Shi ne gyara mafi arha a duk maganar nan.

Tunda da wuya ka sayi sabo dal, ga yadda ake sayen na hannu. Kada ka biya sai an saka katin a kwamfuta a gabanka. Tafi da manhajojin GPU-Z da FurMark a filashi. Na farko zai nuna maka ainihin sunan guntun da yawan ma'adanarsa, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, su riƙa amsa sunan da ba nasu ba. Na biyu kuma ka bar shi ya gasa katin na minti 20 zuwa 30 kana tsaye. Ka lura da allo: ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko ɗaukewar hoto, duk alamar ma'adana ta fara lalacewa ce. Zafi in ya haura digiri 85 ya zauna a can, ko dai ƙura ta toshe shi ko man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan yana gyaruwa, amma a rage maka kuɗi. Saurari fankokin, ka gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort, ka kuma nemi mai shago ya rubuta maka kwanakin gwaji a rasit. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan.

Auna tsawon wurin da katin zai zauna a cikin akwatin kwamfutar kafin ka fita daga gida. In allonka wayar VGA mai shuɗin kai yake amfani da ita, ka sani waɗannan katunan ba su da raminta, sai ka haɗa da wayar HDMI. Idan kuma RX 6600 ka ɗauko, goge direbobin Nvidia da manhajar DDU tukuna, sannan ka saka na AMD.