Ga ƙanenmu mai son kaiwa digirin digirgir a fannin tattalin arziki

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aji biyu a sashen nazarin tattalin arziki, burinka ka kai har digirin digirgir, amma lissafi ya sa ka a gaba, kana tambaya ko akwai hanyar kauce masa. Babu. Ni ma na taɓa neman wannan hanyar, shekara guda ta ci mini.

Lokacin da na shiga jami'a na ɗauka karatun duk muhawara ce kan darajar naira da farashin buhun masara. A aji biyu kwas ɗin lissafi ya kayar da ni, sai da na maimaita shi. Wani abokina ɗan sashen lissafi ne ya zaunar da ni hutu guda cur, kullum bayan la'asar, muna bitar kalkulas da aljabara tun daga tushe. A nan na gane abin da ya shige mini duhu. Maganar da aka yi mana da baki a aji ɗaya, cewa mai saye yana neman biyan buƙata mafi yawa da ɗan abin da ke aljihunsa, ita ce dai ake rubutawa da alamomi a warware. Magana ɗaya ce, harshe ne ya canza. Kai ma ka nemi irin wannan abokin tun kafin ka shiga aji uku, domin can ikonometiriks yake jiranka.

Shi kuwa ikonometiriks, da shi ake aunawa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Kowane mai shayi ya san haka. Amma nawa ne rabon fetur a cikin tsadar, nawa ne na canji, nawa ne na rashin tsaron da ya hana manoma shiga gona? Wanda zai iya rarrabe wannan da alƙaluma shi ake biya albashi. Ka koyi Stata ko R, manhajojin kwamfuta na nazarin alƙaluma, shi R ma kyauta ne. Babban Bankin Najeriya na fitar da kundin alƙaluma duk shekara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana da binciken gidaje da take yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ke komawa ga magidantan da aka taɓa tambaya. Duk suna intanet, ba ko sisi.

Don Allah, idan ka zo kundin kammalawa kada ka saya, kada kuma ka kwafi taken nan da ya gaji, wato tasirin kaza a kan bunƙasar tattalin arziki. Ka je kasuwar Dawanau ka tattara farashin gero na wasu watanni, ka ji daga bakin dillalai. Abin yana ba ni takaici in ga ɗalibi ɗan manomi bai taɓa tunanin rumbun gidansu abin nazari ba ne.

A digiri na biyu ka kula: akwai na bincike, akwai na ma'aikata irin na harkar banki, kuma galibi na binciken ake karɓa wajen shiga digirgir. Ka bincika halin malamin da zai duba aikinka kafin ka bincika muƙaminsa. Babina ɗaya ya taɓa yin wata biyar a kan tebur ba a buɗe ba. Ka kuma sa yajin aikin malaman jami'a a lissafinka, na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka.

Digirgir a gida aƙalla shekara uku ne. A Amurka biyar zuwa shida, suna biyan ɗalibi alawus, amma kwasa-kwasan lissafin da ka ci suke fara dubawa. Akwai AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka a Nairobi, wadda aka kafa a 1988, tana da shirin digirgir na haɗin gwiwa da Jami'ar Ibadan ke ciki. Idan ka zama malami a babbar makarantar gwamnati, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyi. In kuwa aikin banki ko ma'aikatar kuɗi kake so, digiri na biyu ya ishe ka, ba sai ka ɗora wa kanka wannan ba.

Ka turo mini jerin kwasa-kwasanka na wannan zangon, in nuna maka babin da za ka fara da shi.