Sabar ta ƙi tashi: ajiye filashin nan tukuna

Ka ce sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta ƙi tashi, allon yana nuna bai ga faifan da zai tashi da shi ba, kana tambaya ko ka sake zuba Linux a wuce wurin. Yarona, ajiye filashin nan tukuna. Zuba sabuwar manhaja shi ne na ƙarshe, don yana shafe saitin da wataƙila ba mu da kwafinsa ko'ina.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Kashe ta, ka zare wayar SATA, mai haɗa faifan da na'urar, da ta wuta, ka sake sokawa, sannan ka shiga BIOS, wato saitin na'urar da ke fara aiki kafin Linux, ka ga ko yana ganin faifan. Na taɓa ɓata rabin yini ina zargin faifai, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya mutu, BIOS ya manta jerin tashi.

In da gaske faifan ne, kasa kunne. In yana ƙas-ƙas kamar agogo, kashe shi nan take ka kira ni, duk juyin da ya ƙara cin kansa yake yi. In shiru yake kuma ana ganinsa, sai ka ta da na'urar daga filashi, ka duba shi da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai. Idonka a kan lamba 5 da lamba 197: ta farko gurabun da suka lalace aka musanya su, ta biyu waɗanda suka ƙi karantuwa suna jira.

Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin fsck, manhajar gyaran tsarin fayiloli. Kul! Shi fsck rubutu yake yi, kuma ba a sa majinyaci noma. Samo sabon faifai, girmansu ɗaya ko ya fi, ka kwashe tsohon da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai ciwo. Yana fara ɗibar inda ke karantuwa cikin sauƙi, daga baya ya koma wa wuraren da suka ƙi. Ka ba shi fayil ɗin taswira, don ko wuta ta ɗauke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kafin ka danna, zare duk wani faifan dabam da ke ɗauke da bayanan mutane, sauran biyun kuma ka tantance su da lambar jikinsu da umarnin lsblk ke nunawa. Sunaye irin sda da sdb suna iya musanya wuri daga wannan tashi zuwa wancan. Ka juya su, ka kwafi fanko a kan abin da kake son ceta, shi ke nan.

Duk gyara a kan kwafin za ka yi. Cire tsohon ka ajiye, saboda yanzu UUID ɗinsu, wato lambar shaidar da Linux ke gane su da ita, iri ɗaya ne, in ka haɗa su tare za ta rikice. Sai fsck, ka ɗora faifan, ka haɗa masa /dev da /proc da /sys, ka shiga cikinsa da umarnin chroot, ka yi grub-install don mayar da GRUB, manhajar da ke ta da Linux. In kuwa da hannu ka raba sabon faifan, to UUID ya canza, ka gwada abin da umarnin blkid ya nuna da abin da ke cikin /etc/fstab, fayil ɗin jerin faifan da ake ɗorawa, layi-layi.

Idan ta tashi, kada ka mayar da murfi. Za mu ƙara faifai na biyu mu yi RAID 1, wato faifai biyu masu ɗauke da abu ɗaya, kuma shi ma da kanka za ka saka masa GRUB, don mdadm, mai haɗa RAID ɗin, ba ya yi maka wannan.