Tururin tina a shagon fenti: hanci ya isa?

Malam, ka ce kana fesa wa kujeru fenti a Sakkwato, ko hanci ya isa ya gane hatsarin tururin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi? Bai isa ba, hanci yakan saba da wari.

Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ga zafin Afrilu yana ƙara tayar da shi. Don haka kusa da ƙasa ake kafa na'urar gano gas, ba a silin ba. Galibi ana saita ƙararrawarta a kashi 10 cikin 100 na mizanin da tururin ke fara kama wuta.

Ka kiyayi makunnin fanka mai tartsatsi, da janareta a bakin ƙofa. Saita na'urar kuwa sai gwani. Ka kuma gayyaci 'yan kwana-kwana su duba shagon.