Shirin Komawa Makaranta a Gidan Soja: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Ibadan, ga Satumba ta ƙarato. Yarana uku, babbar za ta shiga SS3, ƙannenta biyu suna firamare. Mu kwashe mu bi shi ne, ko mu tsaya? (Matar soja, Kaduna)

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Babbar dai kada ki taɓa ta. Makarantar da ɗalibi ya yi SS3 ita ke yi masa rajistar WAEC da NECO, ita ce kuma ke tura makin gwaje-gwajen da ya tara a aji, shi ya sa makarantu da yawa ba sa karɓar baƙo a ajin ƙarshe. Ga kuma batun darussa: yarinyar da ta shekara biyu tana karanta Hausa, in ta je Ibadan Yarbanci za ta fi tararwa. Abin da ya rage mata bai kai shekara ba. In za a karɓe gidan bariki, ki nema mata kwana a makarantar, ko ta zauna wurin dangin da kika yarda da tarbiyyarsu.

Ƙananan sun fi sauƙin dasawa, amma su ma kada ki ɗaga su sai maigidan ya samu ɗaki a can, ya kuma je da ƙafarsa ya ga makarantar. Barikoki da dama suna da makarantun Command na rundunar soja, sai dai gurbi kan cike da wuri. Tun yanzu ki karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangunan baya, ki haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da hotunan fasfo, ki sa a jakar da ba za ta hau motar kaya ba. Kwano in ya fashe a hanya a sayi wani, amma takarda in ta ɓace sai an sha zirga-zirga.

Tambaya: Albashi ya shigo, ina so in yi wa yara sayayyar shekara gaba ɗaya kafin kaya su ƙara tsada. Matata ta ce in dakata. (Kofur, Jos)

Malam, uwargida ta fi ka gaskiya, amma ba a komai ba. Takalmi, jaka, safa, littafin rubutu da biro, waɗannan saye su yau, duk inda aka tura ka za su yi amfani. Ka kashe kuɗi a kan takalmi mai ƙwari, ka duba ɗinkin tafinsa, ka bar ɗan sarari a gaban yatsa. Yunifom da littattafan karatu kuwa na makaranta ɗaya ne. Yunifom biyu sun isa zangon farko, a ce wa tela ya bar ninki a ƙafar wando. Littafi kada ka saya sai jerin makaranta ya fito, ka riƙe takardar a hannu kana duba sunan mawallafi. Kafin nan uwargida ta yi wa magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, magana. Iyalan da za su tashi sukan sayar da na yaransu da araha. Kasuwar mami, wato kasuwar bariki, tana da kusa, amma sayayya mai yawa ta fi sauƙi a babbar kasuwar gari.

Tambaya: Baban ɗana yana Borno a bakin daga. Yaron shekararsa 10, ya ce ba zai koma makaranta ba sai an saya masa waya ya riƙa kiran babansa. In saya? (Uwa, Sakkwato)

Wannan wasiƙa ta taɓa min zuciya. Ba waya yaron nan yake nema ba, 'yar'uwa, tsoro yake ji. Kada ki saya. Sau da yawa inda sojojin rundunar Haɗin Kai, masu yaƙi da Boko Haram, suke babu sabis, kuma yaron da ya kira sau goma ba a ɗauka ba zai kwana yana saƙa mugun abu, balle ya fara cin karo da hotunan da ake yaɗawa.

Duk ranar da baban ya samu sabis, ki roƙe shi ya turo saƙon murya a wayarki, ya kira sunan yaron, ya tambaye shi ajin da ya shiga da sunan malaminsa. Ki kunna masa da safe yana ɗaura takalmi. Kada ki yi masa alkawarin ranar dawowa, tunda ba a hannunki take ba. A makon farko ki je ki ga malamin ajin a keɓe, ki gaya masa halin da ake ciki, don in ya ga yaron ya yi shiru ko ya cika faɗa, ya kira ki kafin ya ɗauki bulala.