Busasshiyar bishiyar maƙwabta ta karkato kan rufina: in sa a sare ta?

Wata Hajiya daga Aboabo, Kumasi, ta aiko da wannan tambaya: "Lauya, akwai darbejiya a gidan maƙwabtanmu, ta bushe tun bara, gara ta cinye gindinta, yanzu ta karkato kan ɗakin da jikokina ke kwana. Gidan na gado ne, duk wanda na yi wa magana sai ya tura ni wurin wani. Ɗana ya ce tunda mu za ta faɗa wa, haƙƙinmu ne mu kawo mai inji ya sare ta, mu kai musu lissafin kuɗin. Haka ne?"

Hajiya, Allah ya tsare ku da zuri'a. Amsata ta dogara ne a kan yadda kika bayyana lamarin, kuma takardun filin na iya sauya wani abu a cikinta. Amma a yadda yake, ɗanki bai yi daidai ba, kuma ina roƙonki ki dakatar da shi.

Bishiya ta mai ƙasar da gindinta ke ciki ce, ko da ranta ko a bushe. Bushewa ba ta fitar da ita daga mallakarsu. Ranar da mai inji ya tsallaka katanga ba da izininsu ba, ya zama kun yi kutse, kuma suna iya kai ƙorafin ɓarnar dukiya wurin 'yan sanda a ƙarƙashin sashe na 172 na dokar laifuffuka ta 1960. Ba lallai ƙarar ta yi nisa ba, amma ke da aka cuta ke za ki koma mai ba da haƙuri. Kuɗin aikin kuwa, da wuya kotu ta tilasta wa mutum biyan aikin da bai sa ba. Gaskiya ne doka na ɗan sassauta wa wanda ya shiga gidan wani don kawar da haɗarin da ke gab da aukuwa, sai dai ƙofar nan ƙarama ce ƙwarai, kuma bishiyar da kuka shekara kuna kallo zai yi wuya a gamsar da alƙali cewa babu lokacin bin hanya.

Abin da kike da shi, bisa ƙa'idar da Gana ta gada daga dokar Ingila, shi ne datse rassan da suka ƙetaro iyakarki, daga ɓangarenki, daidai kan iyaka. Itacen da aka datse ma nasu ne, a miƙa musu. Duk da haka ba na ba ki shawarar yin haka a nan. Bishiyar da gara ta rarake, in aka sauke mata nauyi ta gefe guda tana iya juyawa ta faɗi inda ba a zata ba, a wayi gari ana cewa ku kuka ja.

Ƙarfinki yana wani wuri dabam. Wanda ke riƙe da gida, in ya san akwai abu mai haɗari a filinsa, ko ya kamata a ce ya sani, ya kuma yi sakaci har ya cutar da maƙwabci, a mafi yawan lokuta diyya na hawa kansa. Kan wannan sanin ake fafatawa a kotu. In lafiyayyar bishiya ce iskar damina ta tumɓuke, suna iya cewa ikon Allah ne. Wadda ta bushe ɓawo na zuba, wannan uzurin bai cika karɓuwa ba. Amma maganar da kika yi musu a bakin ƙofa, gobe kowa zai ce bai ji ba. Don haka a rubuta takarda mai kwanan wata, a haɗa da hotunan gindin da na rufin, a ba su wa'adi na hankali, kamar mako biyu, ki riƙe kwafi. A kai wa shugaban gidan da kuma wanda ke karɓar kuɗin haya. Wannan tura-turar da suke yi miki ba hujja ba ce. Mutumin da ya san kansa ranar karɓar haya ya kamata ya san kansa ranar gyara.

Kwafi ɗaya kuma ya tafi majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong, sashen duba-gari, ɗaya ofishin NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa. In bishiyar na kusa da wayar wuta a sanar da kamfanin wutar lantarki, ECG, kafin kowa ya hau. Su kansu masu ita, ba yadda suka ga dama za su sare ba: a cikin gari ana neman izinin hukumar kare muhalli, EPA, kuma a nemi mai injin da ya yi masa rajista.

Kotu a buɗe take, kina iya neman umarnin da zai tilasta musu cire ta. Amma kuɗin lauya da zirga-zirga na iya ninka kuɗin saran, ga damina ba ta jiran ranar zama. Alƙalin ma yana iya mayar da ku teburin sulhu, domin dokar sasanci ta 2010 ta ba shi wannan dama. Saboda haka ki fara da limamin unguwa ko fadar Sarkin Zango, ki je da takardar nan a hannu. Sau da yawa ba ƙeta ce ke hana magada motsi ba, kowa na gudun a ce shi ya ciro kuɗi daga aljihunsa. In kina da hali ki ce za ki ɗauki wani kaso, ko a bar wa mai aikin itacen a rage farashi. Ba wajibi ba ne a kanki, amma yana iya zama mafi araha.

Kafin a kai ga haka, a sauya wa yaran wurin kwana. In an daidaita, a rubuta a gaban shaidu: izininsu na shiga gidan, ranar aiki, wanda zai biya, da wanda zai ɗauki asara in reshe ya fasa kwano ko katanga lokacin saran.