Ga ɗana mai son zuwa Amurka karatun injiniya: batun kilo da laba

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma Yaya ya kira ni daga gida ya ƙara jaddada mini cewa ka gama digirinka a Wudil, kana zaune a ƙauye kana taya shi aikin gona, zuciyarka kuwa tana kan digiri na biyu a Amurka. Ka tambaye ni biza da kuɗin makaranta da sanyi, kamar yadda duk wanda ya rubuto mini daga Gumel zuwa Ringim yake tambaya. Waɗannan kana iya samun amsarsu a shafin kowace jami'a. Abin da babu wanda ya taɓa tambayata shi ne ma'auni, alhali shi ne ya fi wahalar da ni a farkon zuwana Amurka.

A gida an koyar da ku da kilo da mita da niyuton, domin Nijeriya ta koma wannan tsari tun cikin shekarun 1970. A nan kuwa littafi yakan zo da tsari biyu, amma ma'aikata da filin gini da takardun masu sayar da ƙarfe suna nan kan laba da ƙafa da inci. Laba ɗaya kilo 0.45359237 ce daidai, bisa yarjejeniyar da Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka ƙulla a 1959, wato kilo ɗaya ya kai laba 2.2046. Wannan ka haddace shi yau. Buhun siminti da ka saba ɗauka mai kilo 50 laba 110 ne da ɗan ɗoriya, amma buhun da ake sayarwa a nan laba 94 ne, kimanin kilo 42.6, saboda haka lissafin kwaɓi da ka iya da ƙidayar buhu ba zai yi maka aiki ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne laba iri biyu ce a wurin injiniya. Akwai wadda ake rubutawa lbm, mai auna yawan jikin abu kamar yadda kilo yake yi, akwai kuma lbf, mai auna ƙarfi kamar niyuton, wadda ta kai niyuton 4.448. Abu mai lbm ɗaya ƙasa tana jan sa da ƙarfin lbf ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke rubuta lb kawai su wuce, su bar ka kana laluben wadda suke nufi. Idan ka ɗauki dokar Newton ta biyu, wadda ta ce ƙarfi shi ne yawan jikin abu sau ƙaruwar gudunsa, ka ninka lbm da ƙafa a kan daƙiƙa sau daƙiƙa, wato ma'aunin ƙaruwar gudu, kana zaton lbf za ka samu, amsarka za ta ninka ta gaskiya sau 32.174, sai ka raba da wannan adadi kafin ta daidaita. Don gudun wannan rabawa aka ƙirƙiro wani ma'auni mai suna silag, wanda ya kai lbm 32.174, ko kilo 14.59. Ban taɓa ganin an sayar da komai da silag ba, amma yana cikin littattafan motsin ruwa da na jirgin sama, kuma yana iya fito maka a jarrabawa.

Batun tan ma haka yake. Tan da ake lodin riɗi da shi a Maigatari ko Dawanau kilo 1,000 ne. Tan na Amurka laba 2,000 ne, kilo 907 ke nan, na Ingila na dā kuma laba 2,240, wato kilo 1,016. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce a wurinka, a wurin Ba'amurke ta haura tan 33. Kamar dai tiya ce, ta wannan kasuwa daban, ta waccan daban, sai dai a nan idan aka yi kuskure na'urar ɗaga kaya ce take karyewa a kan mutane.

Kada ka ɗauka baƙi kaɗai abin yake kayarwa. A 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, domin an yi lissafin da laba a inda ake nufin kilo, mai ya ƙare a sama, matuƙan suka sauko da shi ba inji a Gimli da ke ƙasar Kanada, Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu. A 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, saboda wani ɓangare ya ba da alƙaluma da lbf, ɗayan ya karanta su a matsayin niyuton.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, idan ɗan ƙasa ya ruɗe a kan wannan sai a ce mantuwa ce, idan kai ne sai a ce ai daga Afirka ya zo. A wurin da na fara aiki, wani shugabana ya daɗe yana ba wani yaro da bai kai ni ilimi ba lissafina ya sake dubawa, don kawai na tambaye shi wane tan yake nufi a wata takarda, tambayar da ta kamaci kowane injiniya mai hankali. Na haɗiye, na zauna dare da rana da littattafansu har na ci jarrabawar lasisin aiki, yau kuma alhamdu lillahi zanen da wasu suka yi sai na sa hannu yake fita. Ba na so ka biya abin da na biya.

Saboda haka, tun kana gida, ka ɗauko tsofaffin tambayoyinka na aji biyu da aji uku, ka sake warware su da lbm da lbf da silag, kana rubuta ma'auni kusa da kowane adadi a kowane layi, kana soke su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya fito. Kada ka dogara da manhajar waya, domin ita ba ta san wace laba malaminka yake nufi ba. Ka warware guda goma a takarda, ka ɗauki hotonsu ka turo mini, idan na duba sai mu yi maganar jami'ar da za ka nema. Ka gaishe da Yaya da Inna da dukan mutanen gida.